Motar Gida

Ban sayi motar nan don gayu ba, duk wanda ya gan ta ma ya san haka. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta sha hannu kafin ta zo nawa, fentin rufinta ya koɗe, ƙofar baya ta hagu sai ka ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Saboda Baffa na saye ta, wato mahaifina.

A shekarar ne fitsarinsa ya toshe, irin lalurar nan ta dattawa maza. Likita a Dutse ya sa masa roba mai haɗe da jaka, ya ce duk wata a kawo shi a canza, in ba haka ba za ta toshe ko ta jawo masa ciwo a ciki. Baffa yana ƙauyenmu can bayan Kiyawa, ni kuma ina aikin gwamnati a Dutse. Mutum ne da ya yi rayuwarsa cikin shanu, ya yi kiwo, daga baya ya koma saye da sayarwa, har ya zama babu karar shanu a yankin nan da ba a san rawaninsa ba. Ko kaki ba ya tofarwa a gaban mutane. Ranar da aka sa masa robar, tun a ɗakin asibitin ya riƙe hannuna ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. Kada idon kowa ya ga jakar nan. Ranar da aka gan ta, na gama zuwa."

Na san shi, ba ya magana biyu. Don haka muka tsara abinmu. Nakan shigo da motar da baya har bakin zaure, ya fito cikin babbar riga, jakar tana ɗaure da igiya a ƙugunsa, ya shiga baya in ɗage gilasai. Mutanen ƙauye sun ɗauka awon hawan jini muke zuwa. Bayan ni da Inna, mutum ɗaya ne kawai ya san gaskiyar maganar, shi ne bakanikena.

Ƙanina ne, ko da yake ba ciki ɗaya ba. Maraya ne, ɗan aminin Baffa, a gidanmu ya tashi, kwano ɗaya muka ci da shi. Da Baffa ya ga ba ya son bin shanu, shi da kansa ya kawo shi Dutse koyon kanikanci, yanzu ga shi da garejinsa a bakin titi. Yaya yake ce mini. In na shigo da motar sai ya ɗaga murya ya ce, "A matsa, a matsa, motar gida ta zo!" Wallahi a lokacin daɗin kalmar nan nake ji.

Garejin ne dai ban taɓa so ba. Ƙasar wurin ta sha baƙin mai har ta yi danƙo, kana tafiya takalminka yana mannewa. Akwai wata matacciyar bas a gefe, bayanta ne makewayin kowa da kowa, in rana ta take sai zarnin ya biyo ka har bencin da ake zama. Da idona na ga ƙanin nan nawa ya zuƙi fetur ta tiyo da bakinsa, ya furzar, ya goge leɓe da tsumman da ya gama goge injin, sannan ya zura hannun nan cikin ledar awara ya miƙo mini. "Bismillah, Yaya." Na ce na ƙoshi, na kau da kai don kada ya ga fuskata.

Birki na fara kai masa, birki kawai. Injin motar lafiyarsa ƙalau a lokacin, ko tari ba ya yi. Ya ce in bar ta ta kwana. Da na karɓo ta na yi 'yan zirga-zirgata a gari ban ji komai ba, sai ranar da na kama hanyar Kiyawa da tsakar rana. Ta yi zafi ke nan, na taka totur zan wuce wata mai kaya, sai na ji ta hau sheƙa, tib-tib-tib, sitiyari yana karkarwa a hannuna. In na taka sai ta yi kamar za ta ja, sai kuma ta noƙe. Wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama ƙiftawa a gabana. Na gangara gefe na kashe ta. Da ta huce na tayar, sai ga ta garau, kamar ba ita ba.

"Misin take yi," in ji ƙanina da na kai masa. Ya ce injin silinda huɗu gare shi, to ɗaya ce take fashin kama wuta, sauran ukun suke jan ta. "Filogi ne, Yaya. Ƙaramin abu."

Aka canza filogi. Ta sake. Ya ce, "Ina ka sha mai? Wurin 'yan bumburutu ko?" Na ce ban taɓa ba. Duk da haka aka sauke tanki aka wanke, aka wanke nozil, na tafi gida ina warin fetur har cikin hula. Ta sake. Aka kira mai kwamfuta, ya zo yana taƙama da 'yar na'urarsa, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana latse-latse, sannan ya ɗago ya ce, "Ranka ya daɗe, misin take yi." Kai jama'a! Abin da na sani tun daga gida. Ya kashe fitilar ya kama gabansa. Wani mai zaman benci har ya ba ni shawara in nema mata laya, wai baki ne ya kama ta. Na ce masa wane mai bakin ne zai bar motocin da ke gari ya tsaya ɓata yawunsa a kan wannan akwalar?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne munafuncin motar. A gaban ƙanina ba ta taɓa yi ba, ko sau ɗaya. Zai tayar da ita da safe da sanyinta, ya ba ta wuta har garejin ya ɗauka, ya juyo ya dube ni kamar mai duban mara lafiyan da ke ƙirƙirar ciwo. "Ka ji ta fa, Yaya. Ruwa-ruwa." In na ce sai ta yi zafi a kan hanya take yi, sai ya ce, "To bar ta ta kwana mu saurare ta." Kullum maganar ke nan, a bar ta ta kwana.

Da abin ya ishe ni na ce ni ma ai ina da ido. A kan kowane filogi akwai wani baƙin abu da ake kira kwayil, shi yake aika masa wuta, kuma na sha ganin kanikawa suna zare wayarsu ɗaya bayan ɗaya suna sauraron injin. Ranar da ta sake yi mini a hanya, ni kaɗai, ban kashe ta ba. Na buɗe bonet, na kwance murfin robar da ke rufe su, tana ta girgiza kamar mai masassara. Na zare wayar na farko, injin ya ƙara rikicewa, na mayar. Na biyu ma haka. Da na zare ta na uku, ko gezau. Ashe shi ne yake mutuwa in ya ji zafi, in ya huce kuma ya farfaɗo.

"Lallai Yaya ka zama injiniya," in ji ƙanina, yana dariya. Ya canza shi. Na samu lafiya na 'yan makonni, har na fara mantawa. Sai lokacin juyen baƙin mai ya yi, na kai ta, ta kwana. Tafiyar da ta biyo baya da Baffa a ciki, ciwon motar ya dawo. Na tsaya na yi zare-zarena, wannan karon na farko ne ya mutu, wanda na tabbatar da lafiyarsa da hannuna.

Duk fizgar da motar ta yi sai ta ja wa Baffa robar. Ba ya cewa komai, amma ina ganinsa ta madubi yana damƙe kujera yana runtse ido. Da na dawo na zauna ya tambaye ni abin da ke damun ta, na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya ce, "Ni dai a shekaruna ban taɓa ganin saniyar da ke ɗingishi da ƙafar gaba yau, gobe ɗingishin ya koma ta baya ba, sai in an canza saniyar. Garejin nan mutane ne ke shiga suna fita, ƙaninka ba zai iya sa ido a kan kowa ba. Ka yi wa kayanka shaida."

Na yi dariya, amma na bi maganarsa. Na sa aka kawo mini kwayil huɗu masu kyau daga Kano. Na ɗora ƙusa a kan risho har ta yi ja, na yi wa kowanne shaidar gidanmu, wadda Baffa yake yi wa shanunsa a cinya: zane biyu a tsaye, ɗaya ya ratsa su. Maiɗakina tana ta faɗan na cika mata kicin da warin ƙonanniyar roba. Na ɗaura su da kaina, na mayar da murfi na ɗaure. Motar ta dawo hayyacinta, na je Taura ɗaurin aure na dawo da ita cikin rana ko sheƙa ɗaya ba ta yi ba.

Ana nan sai Inna ta kira ni wata Lahadi, ta ce fitsarin Baffa ya yi kauri, da ƙyar yake sauka, ya kwana bai runtsa ba. Ba zancen jiran ƙarshen wata. Motar kuwa ta fara kukan fambel, wato bel ɗin injin, ƙiiii, duk sanda aka tayar da ita, na ji tsoron kada ya tsinke mana a hanya. Na kai ta gareji da yamma na kira ƙanina gefe. Na ce, "Gobe da sassafe zan ɗauko Baffa, robar ta fara toshewa. Fambel kawai za ka canza. Don Allah kada a taɓa komai." Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya, Baffa fa ka ce. Da kaina zan yi."

Da safe na karɓe ta, kukan ya tafi, murfin injin yana ɗaure yadda na bar shi. Ta kai ni ƙauye lafiya da sanyin safiya. Baffa ya shigo a sunkuye, fuskarsa ta yi fari. Muka juyo rana ta fara zafi, ga shi ranar kasuwar Shuwarin ce. Kullum kauce wa ranar nan muke yi, amma ran nan babu zaɓi.

Tun kafin mu shiga cunkoson na ji ta, tib-tib-tib. Muka kutsa tsakanin manyan motoci da amalanken shanu da masu jan awaki, ana tafiya kamar ba a yi, injin yana ƙara zafi. Girgizar ta wuce duk wadda na sani, wannan ba silinda ɗaya ba ce. Tana fizga, tana noƙewa, warin ɗanyen fetur ya cika motar. Baffa ya ce, "Wash!" A rayuwata ban taɓa jin ya faɗi haka ba. Sai ta mutu a tsakiyar titi.

Na murɗa makulli har batir ya fara kasawa. Direbobi suna ta oda suna zagi. Wasu samari suka turo mu gefe, kuma ba su tashi ajiye mu ko'ina ba sai daidai bakin kara. Gilasai a rufe, Baffa ya jiƙe sharkaf, yana riƙe da mararsa. Ba zan iya jiran ta huce ba. Na taro mai adaidaita, na sa ya matso har yana gogar ƙofarmu, na tsaya na kare wurin da jikina da rigata.

Ashe wasu dillalan shanu sun hango rawanin. "Alhaji! Alhaji ne wallahi! Ina ka shige haka?" Suka taho su da yawa, hannuwa a miƙe, fuska cike da murna. Baffa ya yi ƙoƙarin miƙewa sosai don ya gaisa da su a tsaye, kamar yadda ya saba. Fizge-fizgen motar nan sun riga sun sassauta igiyar. Jakar ta sulluɓo ta ƙarƙashin riga, ta bugi matakin adaidaitar, marfinta ya fita. Fitsarin kwana guda, mai kauri, mai jini-jini, ya kware a kan takalminsa da bakin wandonsa, ya gangara ƙasa cikin kashin shanu. Warin ya tashi nan take.

Hannuwan nan suka tsaya a inda suke. Ɗaya ya kau da kai, ɗaya ya ja da baya don kada ya taɓa masa ƙafa. Wani dattijo a cikinsu, wanda Baffa ya koya wa ciniki, ya ce a hankali, "Allah sarki." Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Baffa ya sunkuya da kansa ya ɗauki jakar, ya shiga adaidaitar, ya ɗora ta a cinya ya rufe da riga. Muka wuce asibiti.

An canza robar, an ba shi magani, na samo motar wani abokin aikina na mayar da shi gida. Da la'asar na koma Shuwarin. Motata ta huce, ana murɗa makulli ta tashi, 'yar banza. Na kwance murfin. Na farko da na huɗu suna ɗauke da shaidata. Na biyu da na uku wasu tsofaffi ne masu tsaga a jiki, ɗaya ma an naɗe shi da salatif, ko kalarsu ba ɗaya ba ce.

Na samu ƙanina a gareji a kan benci yana cin rake yana tofar da totuwa a gabansa. Na ajiye masa su a cinya. Na ce, "Ina nawa?"

Ko ɗar bai yi ba. Ya juya su a hannu ya ce, "Au, waɗannan? Gwaji muka yi, Yaya. Wani babban mutum ne ya zo jiya bayan ka tafi, motarsa tana misin, yana saurin zuwa Kano ya kama jirgi. Muka ari naka biyu muka gwada, ta tashi, ya ce kada a taɓa masa. Ka san su, ba a musu da su. Nasa ai suna aiki, sai sun yi zafi ne kawai. Na ce in ya dawo sai a mayar."

"Na ranar gyaran birki fa? Da na ranar juyen mai?"

Ya sosa ƙeya yana murmushi. "Haka aikin yake. Ba ka taɓa ta baƙo, ya kai ka ƙara. Wadda ta kwana, ta gida, ita ake ara."

Na ce, "Ba ka ga abin da na zana a jikinsu ba?"

A nan ne ya yi dariya sosai, har da buga ƙafa. "Na gani mana! Shaidar Baffa ce, zane biyu da ratse. Ni ne fa nake riƙe masa maruƙa in zai yi musu. Ina ganinta na ce, ka ga, wannan namu ne, ba matsala. Ai motar gida ce, Yaya."

Na tsaya ina dubansa, ruwan rake yana gangaro masa a haɓa. Na yi niyyar in faɗa masa abin da ya faru a bakin kara, sai na ji ba zan iya sa maganar Baffa a wurin nan ba, cikin zarnin nan, a gaban masu zaman benci. Na zagaya bayan matacciyar bas ɗin da nake ƙyamar ko kallo, na yi amai har sai da idona ya kawo ruwa. Ina jiyo shi yana cewa, "Yaya, lafiya? Ko rana ce ta buge ka?" Tir da wannan hali. Ban sake taka garejin ba.

Na sayo wasu kwayil biyu na ɗaura. Tun daga ranar motar ba ta sake sheƙa ko sau ɗaya ba, har yau da nake wannan rubutu. Da wata ya zagayo na wanke ta, na sayo sabuwar igiya mai ƙwari, na je na shigar da ita da baya har bakin zaure. Na bar injin a kunne don ya ji da kunnensa.

Baffa bai fito ba. Na shiga na same shi a ɗaki a kan buzu, ko babbar riga bai sa ba. Inna ta riga ta faɗa mini ya daina zuwa masallaci sai na asuba, lokacin da ba a gane fuska sosai. Na durƙusa na ce an gyara, na rantse masa, na ce za mu bi ta wata hanyar, ba za mu ga Shuwarin ba. Na faɗa masa abin da likita ya ce zai faru in robar ta daɗe, amma ban faɗa masa abin da ƙanina ya yi ba. Ya saurare ni har na gama.

"Na faɗa maka tun farko," ya ce. "An gani."

Na yi ta magiya. Ya ce akwai malamin asibitin sha-ka-tafi na nan ƙauyen, in ta toshe sai a kira shi ya yi abin da zai iya a cikin ɗaki, sauran kuma na Allah ne. Sai ya karkata kunne wajen zaure, inda injin yake tafiya sumul, ya saurara.

"Ta yi lafiya kuwa," ya ce. "Je ka kashe ta, kana ƙona mai a banza."

Na miƙe. Har na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"In ta sake yi maka, kada ka kai wa bare. Ka kai wa ƙaninka, shi ne na gida."